Ana Waƙa Tare, Ba a Jin Juna

A daren Talata, 10 ga Maris 2020, ana gobe Hukumar Lafiya ta Duniya za ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, mutum 61 suka hallara a wani coci da ke garin Mount Vernon a jihar Washinton ta Amurka. 'Yan wata ƙungiyar mawaƙa ce mai suna Skagit Valley Chorale, mutanen gari ne da ba da waƙa suke cin abinci ba, galibinsu dattawa, sun zo gwajin da suka saba yi duk mako. Sun ji labarin cutar, saboda haka aka ajiye man tsaftace hannu a bakin ƙofa, aka bar musabaha da runguma. Suka yi awa biyu da rabi suna rera waƙa. Rahoton da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar bayan wata biyu ya ce 53 daga cikinsu sun kwanta, uku sun kai ga asibiti, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Wannan dare na cikin hujjojin farko da suka sa masana suka fara yarda cewa cutar tana yawo a iskar ɗaki, ba a tafin hannu da marfin ƙofa kaɗai take ba. Ga masu waƙar taro kuwa, labarin ya fi haka ɗaci. Abin da ke haɗa su shi ne numfashi: su ja tare, su saki tare, kowa yana shaƙar iskar da ta fito daga ƙirjin maƙwabcinsa. Sai ga shi numfashin nan ya zama hanyar ajali.

Cikin makonni kaɗan ƙungiyoyin mawaƙa a ƙasashe da dama suka rufe ƙofa suka koma intanet, kuma a nan tambayar da ta dame ni ta taso. Idan mutane suka taru ta allon waya ko kwamfuta, kowa a ɗakinsa, sun taru da gaske? Tambaya ce da ta wuce waƙa, domin ta shafi salla, da karatu, da ta'aziyya, da duk abin da ɗan Adam ya saba yi a cikin jama'a. Amma waƙar taro ta fi sauran tona asirin matsalar, saboda ita ba ta yafe jinkiri ko na ƙiftawar ido. Ra'ayina shi ne allo ya ceto wani abu na gaske, wato alkawarin da ke tsakanin mutanen, amma bai ceto waƙar tare ba, kuma ƙungiyar da ta kasa bambanta waɗannan biyun za ta cuci wasu daga cikin 'ya'yanta, ko ta wannan gefe ko ta wancan.

A dubi abin da ya faru a aikace. A tsakiyar watan Maris ɗin nan wani malamin waƙa mazaunin Wrexham a arewacin Wales, James Sills, ya ga yadda mutanen Italiya ke fitowa barandar gidajensu suna waƙa daga nesa, sai ya buɗe wani zama a manhajar Zoom ya sa masa suna The Sofa Singers, ma'ana masu waƙa daga kan kujerar falo. A farkon lamarin mutum 500 ne ke iya shiga a lokaci guda, kuma gurbin yakan cika. Yana koya musu waƙa, su rera, a huta a sha shayi, sannan a ba wasu dama su nuna abin da suka iya. Sai dai akwai sharaɗi ɗaya da ba a iya kauce masa: kowa sai ya kashe makirufonsa. Wanda ya shiga zai ga allo cike da ƙananan akwatuna, a kowanne akwai fuska, baki na buɗewa yana rufewa, wani na kaɗa kai, wata na riƙe da kofi, a bayan wani ana hango kwanukan da ba a wanke ba. Amma muryar da ke shiga kunnensa biyu ce tak, ta malamin da tasa. Sauran ɗaruruwan bakunan shiru suke motsi, kuma ko motsin nasu bai zo daidai da juna ba.

Ba mugunta ta sa aka rufe musu baki ba, lissafi ne. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, wato kowace mita tana cin kusan milisakan uku, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Mawaƙan da ke tsaye a ɗaki ɗaya suna jin juna cikin 'yan milisakan kaɗan, kuma gwaji ya nuna cewa idan jinkirin ya haura kamar 25 zuwa 30, riƙe kiɗa ɗaya yana fara gagara. Manhajojin hira irin su Zoom kuwa jinkirinsu yakan haura 100, kuma na kowa daban ne gwargwadon ƙarfin layinsa. Idan aka buɗe makirufo duka, kowa zai dakata ya jira wanda yake ji, shi ma wancan yana jiran wani, waƙar ta yi ta ja da baya har ta watse.

Akwai hanya ta biyu da ta fi wannan farin jini a idon duniya. Tun 2010 mawallafin waƙa Ba'amurke Eric Whitacre ya haɗa muryoyin mutum 185 daga ƙasashe 12, kowa ya ɗauki bidiyon kansa shi kaɗai yana bin sautin jagora ta abin kunne, aka tattara aka jera su a kwamfuta. A watan Yulin 2020 ya maimaita da mutum 17,572 daga ƙasashe 129. Dubban ƙananan ƙungiyoyi suka bi sawu da nasu bidiyon. Sautin da ke fitowa yana da daɗi ƙwarai, kuma duk mai zuciya zai ji wani abu idan ya ga fuskokin nan birjik. Amma babu wani lokaci a duniya da waɗannan mutane suka rera waƙar tare. Wata ta ɗauki nata ranar Litinin da safe, ta goge ta sake sau da yawa har ta gamsu; wani ya ɗauki nasa bayan mako biyu da tsakar dare. Wanda ya haɗa su injiniya ne da ya matsar da wannan murya gaba kaɗan, ya rage ƙarar waccan. Hanyar farko ta riƙe lokaci ɗaya ta rasa jin juna. Ta biyu ta samar da sautin taro ta rasa lokaci ɗaya. Babu wadda ta riƙe duka biyun, alhali haɗuwarsu ita ce waƙar taro.

Me ya sa na nace a kan jin juna? Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Wanda ya saurari Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo da kunnen basira ya san cewa 'yan amshi ba maimaitawa kawai suke yi ba. Suna karɓe waƙar tun kafin ta gama fita daga bakin ubangidansu, su ba shi sararin numfashi da na tunanin baiti na gaba, shi kuma yana jin nauyin amshinsu ya san ko ya ƙara wuta ko ya sassauta. Makaɗa na bin su duka, su ma suna bin makaɗa. Haka masu karanta Ishiriniya a daren Mauludi, haka matan zumunta a coci. Kowa yana gyara kansa da abin da kunnensa ya kawo masa a wannan daƙiƙar, kuma abin da ya gyara yana komawa ya gyara wasu. Mai rauni yana jingina da mai ƙarfi ba tare da ya roƙa ba. Wanda ya kauce yana jin kaucewarsa a muryar na kusa da shi ya dawo hanya ba tare da an kunyata shi ba. Masu bincike a Jami'ar Gothenburg ta Suwidin sun nuna a 2013 cewa bugun zuciyar masu waƙa tare yakan riƙa hawa da sauka a tare, saboda baitin waƙa yana tilasta musu numfashi iri ɗaya. Ban ɗauki wannan a matsayin abin al'ajabi ba, na ɗauke shi shaida ce cewa taro abu ne da ke faruwa a jiki kafin ya kai ga tunani. Ma'anar kasancewa tare, a ganina, ita ce mutum ya zauna a inda wani zai iya canza shi nan take, shi ma ya canza wani. Wanda makirufonsa ke kashe zai iya yin kuskure daga farkon waƙa har ƙarshenta, babu wanda ya sani, babu wanda ya ɗauke shi, babu kuma wanda kuskuren ya dama. An raba shi da kunya, an kuma raba shi da taimako.

Za a ce mini wannan tsaurin ra'ayi ne. Mutanen da suka shiga irin waɗannan zama sun yi ta faɗin cewa shi ya riƙe su a watannin kulle, cewa sun yi hawaye, cewa sun ji suna cikin jama'a. Wa ya isa ya ce wa wanda ya ji cewa bai ji ba? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban musa ko ɗaya daga cikin abin da suka ji ba. Abin da nake tambaya shi ne mene ne ainihin abin da ya riƙe su. Masanin falsafa Aristotle, a littafinsa na ɗabi'a, ya lura cewa nisa ba ya kashe abota, aikinta yake dakatarwa, amma idan rabuwar ta daɗe takan sa a manta da abotar kanta. Mu ma mun ce zumunci a ƙafa yake. Duka maganganun biyu suna nuna cewa dangantaka aba ce da ake ciyarwa, kuma abincinta shi ne mutum ya ware lokaci ya nufi ɗan'uwansa. To wannan kam allo ya iya. Dattijuwar da ta san cewa ranar Talata da ƙarfe bakwai akwai mutanen da za su lura idan akwatinta bai bayyana ba, tana da dalilin tashi ta wanke fuska ta gyara zama. Mako ya samu kai da gindi a lokacin da ranaku suka zama iri ɗaya. An san wanda ya kwanta, an san wanda aka yi wa rasuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suka tarar da kansu a raye lokacin da aka buɗe gari. Amma a lura, duk abin da na lissafa zumunci ne. Waƙar ta zama dalilin haɗuwa, kowa yana yin tasa a ɗakinsa don girmama alkawari.

Malaman Musulunci sun ci karo da wannan tambaya a makonnin nan guda, kuma amsarsu tana da amfani ko ga wanda waƙa ba ta dame shi ba. Saudiyya ta dakatar da sallar jam'i a mafi yawan masallatanta a watan Maris 2020, Kano ta shiga kulle a tsakiyar Afrilu, azumi ya kama mutane a gida. Tafsirin watan Ramadan bai tsaya ba. Ya koma rediyo da talabijin da Facebook, kuma ba a ji wanda ya ce sauraron tafsiri daga gida ɓatacce ne ba. Amma da aka tambaya ko mutum zai iya bin limami sallar Juma'a ta talabijin ko ta waya, mafi rinjayen malamai da cibiyoyin fatawa, ciki har da Darul Ifta ta Masar, suka ce a'a, a yi Azahar raka'a huɗu a gida. Tambayar ma ba sabuwa ba ce. Tun zamanin rediyo malamin nan na Maroko, Ahmad al-Ghumari, wanda ya rasu a 1960, ya rubuta risala yana halatta bin Juma'a ta rediyo, jama'ar malamai ba su bi shi a kai ba. Ba fatawa nake bayarwa ba, kuma ba ina daidaita salla da waƙa ba ne. Abin da ya ja hankalina shi ne rarrabewar da suka yi. Sun gane cewa akwai abin da ke bin waya ya isa lafiya, kamar ilimi da wa'azi, domin daga baki ɗaya yake fita zuwa kunnuwa da yawa. Akwai kuma abin da jikinsa shi ne haɗuwar kanta, sahu da kafaɗa da wuri ɗaya, wanda idan aka cire haɗuwar sai ya koma wani abu daban ko da lafazin bai canza ba. Malamin waƙa zai iya koyar da baiti ta Zoom kamar yadda mai tafsiri ke fassara aya ta rediyo. Amshi ne ba ya bin waya.

Wani zai ce ai matsalar ta na'ura ce, kuma na'ura kullum gaba take yi. Gaskiya ne an samu ci gaba. Akwai manhajoji irin su Jamulus da JackTrip, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Stanford, da ke rage jinkiri har mawaƙan gari ɗaya su iya jin juna su rera tare, in dai kowa ya jona kwamfutarsa da intanet ta igiya maimakon ta iska kuma layinsa mai ƙarfi ne. Wasu ƙungiyoyi sun yi amfani da su sun ji daɗi, kuma a nan na yarda cewa an dawo da babban ɓangare na abin da ya ɓace. Sai dai akwai iyakar da injiniya ba zai tsallake ba. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, saboda haka tsakanin Legas da Landan, tazarar kusan kilomita 5,000, an riga an cinye milisakan 25 tun kafin a lissafa ko na'ura ɗaya a hanya. Wato maganin yana aiki ne ga waɗanda dama suke kusa da juna, masu kuɗin kayan aiki. A garuruwanmu, inda ake auna data da awo kuma wutar lantarki ba ta da alkawari, zancen ma bai taso ba ga yawancin mutane. Abin da ya fi ba ni hujja kuwa shi ne abin da mawaƙan da kansu suka yi da ƙafafunsu. A Amurka da Kanada wasu ƙungiyoyi sun riƙa tuƙa motoci zuwa filin ajiye mota, kowa ya zauna a tasa da makirufo a hannu, a haɗa muryoyin a watsa ta ƙaramar tashar FM, kowa ya kama a rediyon motarsa. Mutanen da ke da intanet a gida suka zaɓi zama cikin mota a sanyi domin su ji juna nan take su kuma hango juna ta gilashi. A Ingila, da gwamnati ta taƙaita waƙar 'yan sa-kai a cikin ɗaki ga mutum shida a watan Mayun 2021, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke. Waɗanda suka fi kowa sanin amfanin allo su ne suka fi kowa ɗokin barinsa.

To idan haka ne, me zai hana a ce annoba ta wuce, a rufe kwamfuta a koma yadda ake? Nan ne nake rabuwa da masu wannan ra'ayi, ko da yake na yi tafiya mai nisa tare da su. Kowa ya san hukuncin taimama: ana yin ta idan babu ruwa, tana wadatarwa, kuma ganin ruwa yana ɓata ta. Zaman allo taimama ce, kuma ga mai lafiya ruwa ya samu. Amma hukuncin yana da kashi na biyu da ake yawan mantawa: majinyacin da ruwa zai cutar yana ci gaba da taimamarsa ko da randa cike take a gabansa, kuma babu mai cewa tasa ba ta yi ba. Kullen 2020 ya ɗanɗana wa masu lafiya, na 'yan watanni, rayuwar da wasu suke ciki shekara da shekaru. Akwai wanda ke kan keken guragu kuma zauren gwajin yana saman bene. Akwai mai jinyar tsohuwa ko miji da ba ta iya barin gida da dare. Akwai mai shan maganin ciwon daji wanda mura kaɗai za ta iya kwantar da shi, akwai wanda ke ƙauyen da mota ba ta zuwa bayan magariba, akwai wanda tsoron taro ya hana shi buɗe baki a gaban mutane tun yana yaro. Waɗannan ba su rasa komai ba ranar da aka rufe zaure, domin dama a rufe yake gare su. Abin da ya faru shi ne karo na farko aka buɗe musu wata ƙofa, kuma an buɗe ta ne saboda masu lafiya sun shiga matsi. Idan aka rufe ta ranar da masu lafiya suka samu sauƙi, an nuna musu ƙarara cewa ba don su aka yi ba. Shi ya sa na ga daidai ne da The Sofa Singers ta ci gaba da zamanta bayan an janye dokar kulle, kuma ina ganin ƙungiyoyin da suka koma zaure suna da bashin waɗanda suka shigo ta allo.

Biyan bashin nan ba sauƙi gare shi ba, kuma bai kamata a yi kamar yana da sauƙi ba. Ajiye waya a kan kujera a kusurwar zaure ana watsa gwaji kai tsaye ya fi babu, amma yakan mayar da na gida ɗan kallo: yana jin ana dariya bai san abin da aka faɗa ba, malami ya juya masa baya, a tashi a watse babu wanda ya ce masa sai da safe. Idan ana so ya zama ɗan ƙungiya, sai an wakilta mutum guda da aikinsa shi ne kula da na allo, ya kira sunansu, ya isar da tambayarsu, a kuma ware lokacin hira da su kamar yadda ake tsayawa hira a bakin ƙofa. Wani lokaci ma abin da ya fi shi ne mutum uku ko huɗu su ɗauki ƙafa su je gidan wanda ba ya iya fitowa su rera tare da shi a falonsa, domin shi ma yana da haƙƙin a ji muryarsa a gyara masa, ba a bar shi da makirufo a kashe har abada ba.

Haɗarin da ke ɗaya gefen shi ma na gaske ne, kuma ya fi ɓoyuwa. Hayar zaure tana da tsada, zaman allo kusan kyauta ne, kuma duk mai riƙe da asusun ƙaramar hukuma ko na wata gidauniya zai iya duba alƙaluma ya ga mutum 500 a Zoom da mutum 40 a zaure, ya yanke cewa zauren ɓarnar kuɗi ne. Alƙaluman ba za su nuna masa cewa arba'in ɗin suna yin abin da ɗari biyar ɗin ba sa iya yi ba. Haka shi ma mai lafiyar da ya saba da sauƙi zai iya fara cewa yau ana ruwa, bari in shiga ta waya, gobe na gaji, har kujerarsa a sahu ta zama ta kowa. Shi yana ganin bai rasa komai ba tunda ya ji darasi ya kuma rera. Wadda ta yi asara ita ce mai raunin muryar da ta saba tsayawa kusa da shi tana kama sauti daga bakinsa, kuma ba za ta kai ƙara ba, domin wataƙila ita kanta ba ta san dalilin da waƙar ta fara yi mata wuya ba.